Rikiɗa da Tsarki: Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Ma'aunin Fiƙihu

Malaman Malikiyya sun ɗora hukuncin ruwa a kan launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, ta yadda ruwan da ɗayan ukun bai jirkita ba yana nan a kan tsarkinsa. Sai dai masana'antu sun zo da gurɓata wadda ido da hanci ba sa kama ta, kamar tirikuloro'etilin, sinadari mai kulorin da ake wanke maiƙon ƙarafa da shi, wanda ya fi ruwa nauyi, don haka yakan nutse ya kwanta a gindin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tsatsafowa shekara da shekaru. A sansanin soja na Lejeune da ke Amurka an sha irin wannan ruwa daga 1953 zuwa 1987, kuma dokar ƙasar ta yanzu ba ta yarda sinadarin ya wuce maikirogiram 5 a litar ruwan sha ba. Ke nan ruwa kan iya halatta ga alwala alhali shansa cuta ce, shari'a kuwa ta wajabta kawar da cuta.

Tsohuwar dabarar gyaran irin wannan ruwa ita ce a zuƙo ruwan a tace shi, wanda sau da yawa sauya wa guba mazauni ne kawai. Sabuwar kuwa tana barin ruwan a inda yake, a ɗura masa ruwan rake mai kauri ko man girki ta rijiyoyin burtsatse, domin ruɓewarsu ta samar da haidurojin ga ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa inda babu iskar shaƙa. Fitacciyarsu ita ce Dehalococcoides, wadda masana a Jami'ar Cornell suka keɓe a 1997, kuma takan ɓamɓare kulorin ɗaya bayan ɗaya har sinadarin ya koma etin, iska marar illa ga ruwan.

Wannan ya yi kama da abin da fuƙaha'u ke kira istihala, wato juyewar ainihin abu zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta zama khal ta tsarkaka, domin hukunci yana bin haƙiƙar abu a yanzu. Amma istihala tana buƙatar cika, kuma a nan haɗarin yake: idan abincin ƙwayoyin ya ƙare a tsakiyar hanya, aikin kan tsaya a binil kulorayid, wanda ya fi na farkon sa ciwon daji. Saboda haka wanda ya fara gyaran ruwa ya ɗauki amanar ci gaba da awon rijiyoyin har sai rikiɗar ta kai ƙarshe.