Ganye Ɗaya a Kurmin Zambezi

A iyakar ƙasar Zambiya da Zimbabuwe akwai wani babban kogi da ake kira Zambezi. Yana cikin tafiyarsa a shimfiɗe, sai ya iske ƙasa ta tsage a gabansa, ya zuba gaba ɗaya cikin wani kwazazzabo. Faɗin magangarar ya kai mita 1,700, watau mil guda da ɗoriya, zurfinta kuwa, inda ta fi zurfi, ya haura ƙafa 350. Mutanen ƙasar suna kiran wurin Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa, domin tun daga nesa ake hangen feshin ruwan ya turnuƙe sama kamar an sa wa daji wuta. A shekarar 1855 wani Bature mai yawon ƙasashe, David Livingstone, ya iso wurin, ya sa masa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Kowace daga cikin ƙasashen nan biyu ta mai da nata gefen gandun daji na ƙasa, sa'an nan a 1989 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin abubuwan gadon duniya.

A gefen Zimbabuwe akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ta bi gaɓar kwazazzabon, tana fuskantar ruwan. Ba ta da tsawo, dattijo ma ya iya gama ta da hantsi. Ƙasar da ke kewaye busasshen daji ce, da rani itatuwa su kaɗe kamar namu. Amma da shigarka hanyar nan sai ka tsinci kanka cikin kurmi kore shar, ga kanya, ga ɓaure, ga dabinon daji, ga igiyoyin itace sun sarƙe. Dalili kuwa shi ne feshin da ke tashi daga ƙasan kwazazzabo yana komowa ya sauka nan kamar yayyafi. Kana tafe rigarka na jiƙewa, rugugin ruwa na ƙaruwa, har ka fito fili ka ga kogi guda yana faɗuwa, bakan gizo ya gitta a kansa. Gani ya kori ji.

To, gandun yana da dokoki. Kada ka bar hanya, kada ka tsinki ganye ko fure, kada ka yar da shara, kada ka ba dabba abinci. A nan tambayarmu take. A ce kai ne kake tafe, ba ma'aikaci kusa, ka ga wani ganye mai kyau kana so ka kai wa iyali tsaraba. Zuciya za ta ce maka, “In ka tsinki ɗaya, wa ka cuta? Kurmin nan ganyensa ba ya ƙidayuwa, gobe ma wani zai toho.”

Kada mu yi saurin ƙaryata zuciya, gama a bisa lissafi gaskiyarta ce. Ganye ɗaya ba ya kashe itace, sawu ɗaya ba ya kashe ciyawa. Amma dubi abin da ya rayar da kurmin kansa. Babu wani ɗigon ruwa guda da za a nuna a ce shi ne ya tsirar da kanyar nan. In ka ɗauke ɗigo ɗaya, kurmi bai san an yi ba. Duk da haka in kowane ɗigo ya ce shi ba kome ba ne ya ƙi sauka, da wurin nan ƙeƙasasshen daji ne kamar na bayansa. Yadda ɗigo-ɗigo ya gina shi, haka hannu-hannu ke iya rushe shi. Dubban mutane ke bin hanyar nan kowace shekara, kowannensu kuwa zuciyarsa tana iya gaya masa abin da taka ta gaya maka. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Saboda haka mai hankali yakan sake wa tambayar fuska. Yakan ce, “In kowa ya yi abin da nake shirin yi, me zai saura?” In amsar ita ce ba abin da zai saura, to, mai tsinkar ganye yana dogara ne da haƙurin sauran mutane. Ya iske kurmin da kyau domin waɗanda suka riga shi sun kame hannunsu, shi kuwa yana so ya ci amfanin kamewarsu ba tare da ya biya nasa rabon ba. Ko ba a ga ɓarnar da ido ba, wannan rashin adalci ne.

Har wa yau akwai laifin da ke zuwa da rigar alheri. Gwaggon biri ya tare ka a hanya, ka ji tausayinsa ka jefa masa gurasa. Kai a ganinka kyauta ka yi. Amma birin da ya saba da hannun mutane yakan daina tsoronsu, ya koma fizge, daga fizge sai cizo, ƙarshensa sau da yawa harbi. Ashe kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai an haɗa ta da duban abin da zai biyo baya.

Sai dai akwai wata magana mai nauyi da bai kamata mu tsallake ba. Wani zai ce, “Kai baƙo, hana ka ganye ba ya rage maka tuwo. Talakan da ke zaune a bakin gandu fa, wanda kakanninsa suka yi itace da farauta a nan tun ba a san Bature ba?” Wannan ƙara tana da tushe. An kafa gandaye da dama a Afirka ta hanyar tashin mutanen da ke ciki. A 1959 an fitar da makiyayan Masai daga gandun Serengeti na ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Doka ɗaya ce, amma nauyinta ba ɗaya ba ne a kan mai yawon buɗe ido da mai neman abin dafa abinci. Adalcin da ya hana ka tsinkar ganye, shi ne kuma ya wajabta a ba maƙwabcin gandu rabonsa. Don haka ne a 1989 Zimbabuwe ta soma wani shiri mai suna CAMPFIRE, domin ƙauyukan da ke zaune tare da namun daji su sami wani kaso na kuɗin da namun ke kawowa. Wanda ke cin amfanin abu shi ke tsaronsa da dare.

Mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa taka bakin Zambezi ba, amma tambayar nan tana ƙofar gidanka. Rijiyar gari, da burtali, da itatuwan bakin hanya, da kujerun ajin da ka koyi karatu, duk irin kurmin nan ne. Mun saba cewa kayan gwamnati ne, kamar abin da ba shi da mai shi. Alhali kuwa masu shi sun fi na kowane kaya yawa, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, su kuwa ba su da bakin kai ƙara. Manomin da ya ci taku ɗaya na burtali bana, maƙwabcinsa ya ci ɗaya baɗi, ba wanda ya toshe hanyar shanu shi kaɗai, amma ranar da ta toshe aka yi rigima, kowa da hannunsa a ciki.

Ganyen nan da ka bari a reshensa ba wanda zai gode maka a kansa, ba ma wanda zai san ka bar shi. Wani yaro zai biyo hanyar bayan shekara hamsin ya iske kurmin kore, kamar yadda ka iske shi daga hannun mutanen da ba ka san sunansu ba. Amana ke nan. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.