Wadda ta ajiye sanda tana kan gaba

Ran nan a fadarmu, muna jiran shayi na biyu, gardama ta tashi a kan wata mata da yawancinmu ba su taɓa jin sunanta ba: Lorena Ochoa, ƴar ƙasar Meziko. Golf take bugawa, wasan nan da ake tura ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ramuka 18, wanda ya yi bugu mafi ƙanƙanta shi ne ya ci.

An haife ta a Guadalajara a 1981, ta fara riƙe sanda tana shekara biyar. Ta yi karatu a jami'ar Arizona a Amurka, sannan ta shiga wasan ƙwararru a 2002. Ta ci gasa 27 a jerin LPGA, har da babbar gasar mata ta Birtaniya a St Andrews a 2007. Daga 2007 zuwa 2010 ita ce ta ɗaya a duniya, makonni 158 a jere. Sai a Afrilun 2010, tana shekara 28, watanni kaɗan bayan aurenta, ta ce ta bar wasa, za ta ba iyalinta lokaci da kuma gidauniyarta mai kula da makarantar yaran talakawa a garinsu.

Wani abokinmu ya ce: "To kun gani! Ko wadda ta fi kowa a duniya, aure ya zo ta ajiye. Me ya sa kuke kuka in an cire yarinya daga lakwal?"

Maganar tana da kama da gaskiya, shi ya sa ta hana ni barci. Ina da ƙanwa, ɗiyar kawuna, a wajen Jiratawa. Ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi tun firamare. Tana aji uku na kwaleji aka yi mata aure, ba wanda ya tambaye ta. Ita ma ta bari, Lorena ma ta bari. Shin abu guda suka yi?

A ganina a'a. Lorena ta ajiye abin da ke hannunta bayan ta san nauyinsa. Ta ga iyakar ƙarfinta, ta tara dukiyarta, ta auna da kanta, ta zaɓa. Ƙanwata kuwa ba ta ajiye komai ba, ƙwacewa aka yi. Har gobe ba ta san ko likita ce a cikinta ko malama ba, mu ma ba mu sani ba. Wanda ya ƙoshi ya tsame hannu daga akushi, da wanda aka janye wa akushin tun loma ta biyu, duk sun daina ci, amma guda ne kawai zai yi hamdala da gaske.

Ban ce aure faɗuwa ba ne, ban kuma ce iyayenmu mugaye ba ne. Uban da ke Tibiri, damina ta yi gardama, kuɗin littattafai sun gagare shi, ga tsoron bakin mutane, yana da nasa uzuri. Amma uzuri daban, hujja daban. Kada mu ɗauki zaɓin mace mai ƴanci mu rufe tilas ɗin da aka yi wa wadda ba ta da shi. Ku lura ma da inda Lorena ta kai ƙarfinta bayan wasa: makaranta.

Mu samarin Maradi, gobe mu ne yayye, mu ne mazaje, mu ne iyaye. Ranar da za a zauna kan maganar wata yarinya a gidanku, kai ɗan'uwa, tambaya guda za ka yi kafin a shafa fatiha: ita an tambaye ta?