Yagaggiyar Ɗari Biyar

Kowane ɗan kasuwa a Sabo ya san ta: yagaggiyar ɗari biyar, an liƙe da salatif. Wani ya cusa mana ita da magariba, mu ma sai mu naɗe ta cikin canji mu cusa wa wani. Hujjarmu ɗaya ce: "Ai ni ma haka aka ba ni." To, don an cuce mu, sai cutar wani ta halatta? Mu duba ma wa muke zaɓa: yarinya mai talla, ko tsohon da idonsa ya yi rauni. Dillali kam ba ma gwada masa. Banki na karɓar irinta, layin ne muke gudu. Ranar Juma'a kuwa, in aka buɗe asusun masallaci, ga ta nan a ciki.