Hukuncin Zaɓen Jirgin Ruwa na Alfarma Don Hutu a Teku

Tambaya

Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano, na sauke farali, kuma ina fitar da zakkata duk shekara. Ina so in kai uwargidana da yaranmu uku hutu a irin manyan jiragen ruwan nan da ake mako guda a ciki ana zagaya ƙasashe. Mai shirya mana tafiyar ya kawo zaɓi uku. Na farko ƙaton jirgi ne a Bahar Rum, kuɗinsa da dama-dama, akwai gidan caca da mashaya a ciki, amma mai son giya shi ke biyan kuɗinta daban. Na biyu ƙaramin jirgi ne na ƙasaita, kuɗi ɗaya ake biya ya haɗa komai har da giya, ko ka sha ko ba ka sha ba. Na uku na Saudiyya ne, yana tashi daga Jidda, an ce babu giya babu caca. Yara sun fi son na farko saboda wuraren wasa, uwarsu ta fi son na biyu saboda natsuwa. Wanne ya halatta mu shiga, kuma yaya za mu yi da salla?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya tun kafin ka biya kuɗi.

Hawa teku halal ne. Allah ya ambaci hore mana teku da gudanar jirage a cikinta a jerin ni'imominsa, kamar a aya ta 12 ta Suratul Jasiya. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da abokan hijirarsa ta ruwa suka je Habasha, ta ruwa suka dawo. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ummu Haram 'yar Milhan addu'ar ta kasance cikin mutanen al'ummarsa da za su hau teku don ɗaukaka addini, kuma ta hau a zamanin Sayyidina Usman, ta rasu a tsibirin Ƙubrus. Kakanninmu ma da suka bi ƙasa ta Sudan zuwa Makka, daga Sawakin jirgin ruwa ya tsallakar da su Jidda. Fita shaƙatawa da iyali kuwa tana cikin kyautata zama da su, kuma aya ta 32 ta Suratul A'arafi ta yi inkari ga masu haramta ado da daɗaɗan abubuwan da Allah ya fitar wa bayinsa. Saboda haka tsadar jirgi ita kaɗai ba ta haramta shi ga wanda Allah ya hore wa, muddin ba bashin ruwa zai ci ba, ba kuma haƙƙin wani zai danne ba.

Matsalar tana wuri biyu: abin da ka saya da kuɗinka, da wurin da za ka kulle kanka da iyalinka kwana bakwai.

Mu fara da cinikin, domin nan ne jirgi na biyu ya faɗi. Kamfanoni irin su Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn tsarinsu ke nan: farashi ɗaya, kuma giya tana cikin abin da suke ambatawa ƙarara a matsayin abin da kuɗinka ya saya maka. Wani zai ce ai tikitin jirgin sama ma haka yake, ana raba giya kyauta kuma malamai ba su hana shiga ba. Akwai bambanci. A jirgin sama abin da aka saya shi ne kai ka inda za ka, giyar 'yar rakiya ce da babu wanda ya ƙulla ciniki saboda ita, kuma mutane na da larurar tafiya. A wannan jirgin kuwa jin daɗin shi ne hajar, giya kuma sashe ne mai suna a cikin hajar, ana tallata ta, ana lissafa ta a farashi. Sananne ne a mazhabar Malikiyya cewa ciniki ɗaya da ya haɗa halal da haram, kuma masu cinikin sun san da haka, ɓatacce ne gaba ɗayansa. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa la'anar giya ta shafi mutum goma, cikinsu har da mai saye, ko da bai kai ta bakinsa ba. Hutu kuma ba larura ba ne da za a ce ta buɗe ƙofar rangwame. Don haka ban ga halascin ƙulla wannan ciniki ba, sai in kamfanin zai cire giyar daga yarjejeniyarku a rubuce, ya rage kuɗinta. Ka yi wa uwargida bayanin wannan cikin lumana. Natsuwar da take nema abu ne mai kyau, kuma za a iya samun ta a wani jirgin ta hanyar kama ɗaki mai baranda a sashen da babu hayaniya.

Jirgi na farko cinikinsa ingantacce ne a kan kansa, tunda ɗaki da abinci da tafiya ka saya, giya kuma ciniki ne daban da ba za ka shiga ba. Haka yawancin jiragen MSC da Royal Caribbean da Costa suke. Sai dai ka lura da tayin da ake liƙa wa tikiti, wanda ake cewa an haɗa maka da abin sha na duk tafiyar: in da giya a ciki, ya koma hukuncin na biyu.

Amma ingancin ciniki bai wanke zaman ba. Wanda ya sauka a otal ya ga abin ƙi, yana iya ɗaukar jakarsa ya sauya wuri cikin dare. Wanda ke tsakiyar teku ba shi da wannan damar. Waɗannan jirage gari ne sukutum, wani kamar Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana ɗaukar fasinja sama da 7,000, kuma an tsara su ne bisa al'adar mutanen da giya da caca da tsiraici ba komai ba ne a wurinsu. Gidan caca yakan kasance a rufe in jirgi yana tasha, da zarar ya fita teku a buɗe shi, kuma a jirage da yawa yana kan hanyar da jama'a ke bi tsakanin ɗakin cin abinci da zauren wasanni. Abin da ya fi damuna shi ne wurin da yaranka suke ɗoki. Silalon ruwa da tafkunan ninƙaya duk suna saman jirgi, daidai inda maza da mata ke kwance cikin kayan wanka, mashaya na gefe. Ba za ka kai yaro wurin wasan ba tare da ka kai shi wannan kallon ba, kuma kai ne abin tambaya a kan kiwonsu. Akwai kuma cacar da ba a kiranta caca, irin wasan cike lambobi da ake sayen kati, da na'urorin da yaro ke zuba kuɗi ko ya ci kyauta ko ya tashi a tutar babu. Duk suna ƙarƙashin hanin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

Hukuncin wannan jirgi a wurina shi ne karhanci mai tsanani ga balagaggen da ya tabbata zai iya kauce wa waɗannan wurare ya kuma tsare sallarsa, haramci kuma ga wanda ya san ba zai iya tsare kansa ko iyalinsa ba. Mai yara uku da suka ƙwallafa rai a kan tafkin ninƙaya ya fi kusa da kashi na biyu. Wanda wani dalili ya sa ya shiga, to ya nemi teburi na iyalinsa su kaɗai, domin akan haɗa baƙi a teburi ɗaya, kuma hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ya sa a kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗakinsa tun ranar farko. Akwai kamfanonin Turawa da ba su da gidan caca, irin su Disney da Viking, sai dai Disney yana sayar da giya, Viking kuma ya haɗa giyar cin abincin rana da na dare cikin farashi, ba ya ma ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba.

Saura na uku. In kana nufin Aroya, na kamfanin Cruise Saudi, wanda ya fara jigila daga Jidda a watan Disamba na 2024, to ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, abincinsa halal ne, kuma an ware wuraren salla. Shi nake ba ka shawarar ka zaɓa. Samuwarsa ma tana ƙara raunana uzurin mai shiga sauran, domin wanda ke da mafita mai tsabta ba shi da hujjar kutsawa cikin shubuha. Ba talla nake masa ba, kuma ban ce duk abin da ke cikinsa halal ne ba: akwai kiɗe-kiɗe da wasannin dare da cuɗanyar maza da mata, waɗanda za ku nisanta kamar yadda za ku nisance su a tudu. Kamfanoni kuma kan sauya tsari, don haka ka sa mai shirya tafiyar ya kawo maka sharuɗɗan a rubuce kafin ka biya.

Game da salla, malamanmu sun daɗe da tattauna ta. Shehu Halil a Muhtasar ɗinsa ya daidaita teku da tudu wajen wajabcin tafiya hajji, sai in halaka ta fi rinjaye ko jiri zai sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. In an yi wannan sharaɗi a tafiyar farilla, tafiyar hutu ta fi cancanta da shi. Wanda ya san teku na kayar da shi har ya kasa salla, kada ya hau. Manyan jiragen yau suna da na'urorin rage tangaɗi, don haka asali shi ne ku yi farilla a tsaye, ba a zama sai in tsayuwar ta gagara. Ku fuskanci alƙibla, in kun ji jirgi ya karkata kuna cikin salla ku juya ku sake fuskantar alƙibla gwargwadon iko. Kada ku dogara da kamfas na waya shi kaɗai, ƙarfen jirgi na ruɗa shi. Akwai tashar talabijin a ɗakuna da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da ita ko da tambayar ma'aikata za ku gane alƙibla. Lokaci kuma na wurin da jirgin yake ne a wannan sa'a, ba na Kano ba, ba kuma lallai agogon jirgi ya dace da shi ba, don haka ku riƙa duban rana.

Kasaru ya halatta, tunda tafiyar ta wuce mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma zama mako guda a jirgi mai tafiya ba zaman gari ba ne. Malikiyya sun ce ko matuƙin da ke yawo da iyalinsa a jirginsa kasaru yake yi. Sun dai hana shi ga wanda tafiyarsa ta saɓo ce, sun karhanta shi ga mai tafiyar wargi zalla, wanda hakan wani dalili ne na gyara niyya: faranta wa iyali da lura da ikon Allah. Haɗa salla biyu kuwa, mashahurin zance a mazhabarmu shi ne rangwamen na matafiyin tudu ne ban da na teku, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta. Ni ina ganin ku yi kowace a lokacinta, domin ga ɗaki ga ruwa, babu wahalar da za a ɗauke muku. Ranar da kuka sauka yawo a gari kuka ji tsoron lokaci zai kuɓuce, sai ku haɗa. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, azahar za ku yi. Ruwan jirgi, ko da daga teku aka tace shi, mai tsarkakewa ne. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira na mutumin da ya yi tambaya kan alwala da ruwan teku, aka ba shi amsa da tsarkinsa da halascin mushensa. Wannan ne ma ya sa kifi da sauran naman ruwa suka zama mafita a duk jirgin da ba ku amince da yankansa ba, amma ku tambaya ko an sa giya a miyar, domin girkin Turawa na yawan amfani da ita.

Atisayen ceton rai da ake yi kafin jirgi ya tashi, ku halarta da yaran duka. An tsaurara shi ne bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, kuma kiyaye rai wajibi ne a shari'a. Ita kuwa inshorar da hukuma ta wajabta kafin a ba da biza, babu laifi a kan wanda aka tilasta wa.

Tunda ta Jidda za ku bi, kada ku je bakin Makka ku juyo ba umra. Mafi sauƙi ku yi ta kafin ku hau jirgin, ku ɗaura harami a jirgin sama in kun zo daidai miƙati. In kuma sai bayan kun dawo daga wajen Masar ko Jodan, to ku ɗaura shi a cikin jirgin ruwan idan ya zo saitin Rabig, kusa da Juhfa, kada ku bari sai kun sauka Jidda. Ka ce kai ka sauke farali, ba ka ambaci uwargida ba. Biya mata hajji ba wajibi ba ne a kanka, amma in ba ta je ba, kuma kuɗin ba zai ɗauki biyun ba, ka gabatar da hajjinta, hutun teku ya jira wata shekarar.

Allah ne mafi sani.