Wa Ke Shaidar Makaɗi, Takarda Ko Kunne?

Jama'a, ga wata tambaya da ta kamata mu yi shawara a kanta. Mutum biyu ne. Ɗaya ya karanta kiɗa a makaranta, ya ci jarrabawa, an ba shi takarda. Ɗayan bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma in ya buga gangar noma a Gamu, ko raggo sai ya ɗauki hauya. To, wane ne masani a cikinsu?

Watakila wani ya ce: ashe ana rubuta kiɗa? Ana rubutawa ƙwarai. Ana jan layi biyar a takarda, a ɗiɗɗiga alamu a kansu. Alamar da ke sama murya ce siririya, ta ƙasa kuwa mai kauri. Siffar alama ita ke nuna ko a ja sauti ko a gajarta shi. Muryoyin suna da suna bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si. Wanda ya iya wannan karatu yana iya buga kiɗan mutumin da ya mutu tun shekara 200, ko da bai taɓa jin sa ba. A Ingila akwai jarrabawar kiɗa mai hawa 8. Galibi ba a barin ɗalibi ya shiga hawa na 6, sai ya ci jarrabawar karatun kiɗa ta hawa na 5. A Yamai ma an buɗe makarantar kiɗa mai sunan Elhaji Taya a shekara ta 1989.

Mu ma muna da tamu jarrabawa tun kaka da kakanni. Ɗan makaɗi ba ya farawa da babbar ganga. Ƙarama ake rataya masa, ya yi shekaru yana kanzagi a bayan ubansa. Yana koyon taken sarki, da na mahauta, da na maƙera, da na kowane babban manomi. Ran da aka miƙa masa babbar, gari duka ne alƙali. In ya kuskure taken mutum, a nan take za a sani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku dubi labarin Malam Maman Barka, mutumin Taskar, a arewacin ƙasar Gure. Malamin makaranta ne, kuma ya yi suna wajen kiɗan gurmi. Yana da takarda, yana da suna. Duk da haka a shekara ta 2002, da taimakon ƙungiyar UNESCO, ya tashi ya tafi bakin tafkin Cadi. Can ya zauna gaban wani tsoho, Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Biram abin kiɗa ne na masuntan Buduma, mai tsirkiya biyar, siffarsa kamar kwalekwale. Malam ya koma ɗalibi, ya koya da kunne da yatsa. Daga baya ya kai biram har ƙasashen Turai, aka ɗauki kiɗan a faifai. Ya rasu a 2018, amma har yanzu ana jin muryar biram.

Me wannan ke nuna mana? Da Maman Barka ya ce shi mai ilimin boko ne, ba zai durƙusa wa masunci ba, da biram ya bi tsoho kabari. Da kuma babu mai karatu da zai nemi taimako, ya rubuta, ya yi tafiya, da ilimin tsoho bai wuce bakin ruwa ba. Ashe kowanne yana bukatar ɗan'uwansa.

Takarda shaida ce, tana gaya wa baƙo abin da ka iya. Kada mu raina ta, kada kuma mu hana yaro neman ta. Amma wanda ya haddace don jarrabawa kawai, ya ci ya manta, ya cuci kansa, zai kuma cuci wanda ya yarda da takardarsa.

Saboda haka ƴan'uwa, mu da muka fara iya rubutu, kada biro ya sa mu girman kai gaban tsofaffinmu. Mu je wurin tsohon makaɗin garinmu tun yana da rai. Mu tambaye shi sunan kowane take, da mai shi, da kirarinsa, da wanda ya koya masa. Mu rubuta a littafi, mu karanta masa ya gyara mana.