Me ke Wuyanmu Ranar Ban Kwana da Shugaba?

A duk lokacin da shugaban makaranta zai bar aiki, mukan taru a yi walima, a miƙa kyaututtuka, a yi ta jawabai. Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan yabo namu girmamawa ce, ko kuwa sauke nauyi ne kawai?

Hausawa sun ce babba juji ne. Shekara da shekaru mu ne muka riƙa zuba masa shara: ƙorafin abinci, ƙarancin littattafai, jinkirin albashi, har da laifin da ba nasa ba. In ya kori ɗalibi mu ce mugu ne, in ya yi afuwa mu ce rago ne. To, yau da zai tafi muka ce babu kamarsa, wace magana ce gaskiyarmu, ta jiya ko ta yau?

Lalle yabon gwani ya zama dole, amma yabon da bai zo ba sai da kujera ta kuɓuce, bashi ne da aka biya a makare. Kuma ba jawabi ke raya sunan mutum ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Makarantar Midil ta Bauci kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma har yau riƙon amanarsa ake ambato, domin hali zanen dutse ne.

Saboda haka, abin da ke wuyanmu uku ne: mu nemi gafarar mai tafiya, mu riƙe kyakkyawan tsarin da ya kafa, sannan mu sassauta wa magajinsa tun yana bisa kujera.