Kiran Waya Daga Gidan Yari Da Haƙƙin Zumunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi mazauna Greensboro da kewaye, akwai wani zumunci da kunya take hana mu ambatonsa a masallaci, shi ne zumuncin wanda ke tsare. Wani yana gidan wakafi na gundumar Guilford, a nan cikin gari ko a High Point. Wani kuma hukumar shige da fice ce ta kama shi, aka kai shi sansanin Stewart a jihar Jojiya, inda ziyara sai mai hali. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To, inda ƙafa ba ta iya zuwa, murya ce ta rage, muryar kuwa a ƙasar nan da kuɗi ake sayenta.

Ga yadda abin yake: ba a kiran wanda ke tsare, shi ne yake kira. Kafin kiran ya shiga sai an zuba kuɗi a asusun kamfani irin su Securus ko ViaPath, kuma kowane minti da farashinsa. Babu WhatsApp a can, saboda haka kiran mahaifiya a Maraɗi ko Kano ya fi tsada. Ranar da asusu ya ƙare, ranar murya take yankewa.

Wannan nauyi ne ya sa wata dattijuwa makauniya a birnin Washington, Martha Wright, wadda jikanta ke kurkuku, ta kai kuka gaban hukumar sadarwa ta FCC a 2003. Sai bayan shekara 20, a Janairun 2023, Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta, alhali ta riga ta rasu. A Yulin 2024 hukumar ta ƙayyade santi 6 a minti ga manyan gidajen yari, sannan a 2025 ta jinkirta aiwatarwa. Har yau dai iyali ne ke biya.

Mu duba abin da addininmu ya ce. A Suratul Insan, aya ta 8, Allah ya yabi bayinSa masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, alhali su ma suna da buƙata. Malaman tafsiri sun ce kamammun wancan zamani mushrikai ne. Idan wannan ne rabon wanda ya zo yaƙar Musulmi, ina ga ɗan da aka haifa a ɗakinmu? A Suratu Yusuf kuma, aya ta 42, mantuwar mutum ɗaya ce ta zama sanadin da Annabin Allah ya ƙara shekaru a kurkuku. Mantuwa da wanda ke tsare ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce shi ya jawo wa kansa. Mu tuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ke gidan wakafi ba a ma yanke musu hukunci ba. Wanda kuwa laifinsa ya tabbata, hukuncinsa yana hannun kotu, tubarsa tana tsakaninsa da Ubangijinsa, haƙƙin jini kuma yana nan a wuyanmu. Hadisi ingantacce a cikin Buhari ya nuna cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda yake sadarwa bayan an yanke masa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka muna kira ga jama'a da a ware wani abu daga sadakar Juma'a domin wannan buƙata, a damƙa shi ga amintaccen da zai rufa asirin iyali. Kada a bar uwa tana zaɓi tsakanin kuɗin haya da jin muryar ɗanta. Masu amsa kira kuma su sani ana naɗar maganganun, don haka zancen shari'a a bar wa lauya. A cika mintocin da tambayar lafiya, da tunatarwa kan salla, da muryar 'ya'yansa, domin wanda ya san ana jiransa a gida ya fi kusa da gyaruwa.

Allah Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, Ya shiryi wanda ya yi kuskure, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.